Kwana Uku Ruwa Ke Yi

Eleuterio, ƙanena,
kwana uku ruwa ke yi daga gonar da nake ba ruwa
zuwa bakin tarunka.
Na auna. Na taɓa jefa gorar roba a lambatu ran Talata,
ka tsince ta ran Juma'a a gaɓar Tobari,
ka aiko mini ita cike da busasshen jatan lande.
Shekara goma sha tara ke nan.
Yanzu ba ka aiko da komai.

Hekta ɗari biyu na alkama,
ko taki ɗaya ba nawa ba ne a ciki,
sai takin da nake zubawa.
Tun ba a binne iri ba, cikin Nuwamba,
muke ɗura wa ƙasa yuriya,
buhu bisa buhu, fara fat kamar sukarin biki.
Babu saiwa, babu bakin da zai ci,
sai in ɗaga ƙofar ruwa.
Abin da alkama ba ta iske ba,
kai ne kake iskewa.

Ka tuna lokacin da mu ne masu tuta?
Jirgin feshi ya sunkuyo kamar shirwa ta hango tsaki,
mu biyu a ƙarshen kunya muna kaɗa farin ƙyalle,
raɓarsa na sauka a wuyanmu,
sanyi-sanyi, da warin tafarnuwa.
Inna Crescencia takan wanke rigunanmu daban,
amma a jarkar maganin ƙwari da aka yar
take tara ruwan sha.
Ta ce jarka ce mai ƙwari, ba ta yoyo.
Jarkar tana nan har yau.
Inna ce babu.

Kada ka ce na zagi alkama.
Ita ta yi mana rufin kwano,
ita ta kai Ofelia makaranta a Obregon.
In Maris ya yi, iska ta bi ta kan zangarniya,
duk kwarin nan sai ya zama teku,
har nakan ce na fi ka teku.
Sai dai nawa shiru gare shi.
Kwaɗi sun daina wa'azinsu na dare,
ƙudan zuma sun yi ƙaura ba sallama,
in na kafa shebur na juya ƙasa
ko tana ɗaya ba ta fito ta yi mini faɗa.

Naka kuma, an ce, ya yi kore shar kamar miyar da ta kwana.
An ce kifi na tasowa da asuba, ciki sama,
zalɓe na tsaye a kansu, ya ƙi taɓawa.
An ce ka sayar da injin kwalekwale.
A bakin mai kai ƙanƙara nake jin labarinka,
ni da muka sha nono ɗaya.

Ofelia ta dawo bana da wata na'ura
da ba ta fi tafin hannu ba.
Ta haska ganye, ta karanta, ta ce:
Baba, alkamar nan ta ƙoshi tun tuni,
ɗure kuke yi mata.
Ta faɗa wa Don Fermin.
Ya cire hula, ya sosa ƙeya, ya yaba iliminta,
ya ce banki bai san launin ganye ba.
Ya ce sai baɗi.
Baɗi dai gona ce da ba a taɓa girbe ta ba.

Daren nan na ci gurasa mai faɗin faifai,
ta alkamar bara, da wake.
Ta yi daɗi, ba zan yi maka ƙarya ba.

Ƙarfe huɗu zan ɗaga ƙofa.
Buhu shida na ɓoye bayan rumbu, na ce sun jiƙe;
iyakar abin da hannuna ya kai ke nan.
Sauran suna tafe.
Yau Talata.
Na nannaɗe takardar nan cikin gora, na toshe bakin da kyau.
In har kana fita gaɓa,
ka duba ran Juma'a.