Tsawon Ɗan Yatsa

A shagona na Tudun Wada, jikin mai gyaran janareta,
akwai wata 'yar filashi, tsawon ɗan yatsa.
Murfinta ya ɓata tun shekarar da kogi ya cika.
Masu shigowa sun ɗauka rumbu ce kawai.

Ran da kwamfutar Malam Ɗayyabu ta sume,
tambayoyin jarabawa na ciki, gobe Litinin,
ita na soka mata a kwiɓi.
Ta yi atishawa, ta buɗe ido.

Da dare ita ce kwaɗona.
In na zare ta, allo ya yi gum;
Sa'adu ƙanena, sarkin bincike,
sai dai ya kalli fuskarsa a baƙin gilashi.

Ta kori cuta daga injina bakwai a Kakuri,
ba kati, ba allura, ba bin layi.

Bara ta mutu.
Na soka, na hura, na sake sokawa: shiru.
Ban yar ba.

Mariƙin zik ɗin jakar Ramlatu ya karye,
na zura zare a hujinta na ɗaure.
Yanzu kullum kafin ƙararrawar makaranta
tana buɗe wani abu, tana rufe wani abu,
kamar dai da.