Ƙofar Da Ta Daina Kuka

Shekara bakwai ƙofar ɗakinmu a Agege tana kuka.
Ka tura ta, ta kwarma ihu
kamar akuyar da ta hango mahautan Oko-Oba.
Duk gidan hayar sun san lokacin dawowata,
sun san daren da na makara.

Wata Asabar, ruwan Yuni ya ɗan tsagaita,
Tasalla ta tsaya tsakar ɗaki, hannu a ƙugu,
tana duban taswirar da danshi ya zana a bango.
Ta ce, "Malam, ko kurkuku ana share shi."

Na kira Nomau kafinta.
Ya zo da buhun shinkafa cike da ƙarafa,
fensir a bayan kunne, ƙusa uku a baki,
magana na fita ta gefensu.
Ya ɓalle hinjin da tsatsa ta cinye,
ya ɗaura sabo, ya ɗiga masa baƙin mai daga gorar lemo.
Ya tura. Shiru.
Ya ja. Shiru.
Muka tsaya muna kallon ƙofa kamar baƙuwa.

Gyara kuwa cin gyaɗa ne,
in hannu ya fara ba ya jin kira.
Ragar tagar da sauro suka mayar titi, aka sake ta.
Kwanon da ke ɗiga daidai ƙafar gado,
Nomau ya hau ya liƙe shi da kwalta,
robar da ta yi damina uku tana gadi a wurin
ta koma aikinta na wanki.
Famfon tsakar gida ba nawa ba ne, na kowa ne,
amma ɗis-ɗis ɗinsa ni yake hana barci,
sai na saya masa sabon kai.

Fenti da hannuna na shafa.
Tasalla ta so ruwan ƙwai, ni na so shuɗi,
mai shago ya ce ruwan ƙwai kaɗai ya rage,
na dawo gida aka ce ni miji ne mai jin magana.
Ban musa ba.
Bokitin da ya ƙare ta huda gindinsa,
ta cika da ƙasa, ta dasa na'a-na'a a bakin ƙofa.
Da ragowar fentin na rubuta lamba shida.
Ta ɗan karkace. Na bar ta.

Mama Sikira ta leƙo daga ɗakin da ke fuskantar namu,
ludayi a hannu:
"Aboki, yaushe za a kawo amarya?"

Ƙarshen wata sai ga Baba Alao, mai gida.
Ya shafa bango da bayan hannu
kamar mai tayin rago ana gobe Sallah.
Ya buɗe ƙofa, ya rufe, ya sake buɗewa,
ya sa mini albarka da Hausarsa ta kasuwar goro
har na ji kunya.
Sati biyu, takarda ta shigo ta ƙarƙashin ƙofar nan:
ɗaki mai kyau haka, haya ta ƙaru.

Na zauna bakin gado ina lissafi,
hinji, raga, kwalta, fenti galan biyu, ladan Nomau.
Ashe da kuɗina na sayi bulalar da aka zane ni.
Tsohon hinjin yana nan ƙarƙashin gado,
na jawo shi, na juya shi a tafin hannu.
Tasalla ta ce, "Mayar mana,
sai ka hau ka huda kwanon kuma."
Dariya ta ƙwace mana har shayi ya huce.

Na biya.
Bangon na Baba Alao ne,
amma idon da ke buɗewa a kansa kowace asuba nawa ne,
kuma jirgin ƙasa in ya wuce yanzu
ƙura ba ta zubo mana a tuwo.

Abu ɗaya na rasa.
A da ƙofa ke riga bakina sallama,
kafin in cire takalmi an ɗora ruwa a wuta.
Yanzu in na dawo da dare
sai in tsaya gefen na'a-na'a, hannu a kan mariƙi,
in yi gyaran murya.
Shi kaɗai ne gyaran da ba a ƙara wa haya.