Makullin Kat-San-Kat

Bayan la'asar, garejin Abarshi a Tawa,
inda hanyar Agadas ke sallama da gari,
an kife bokiti uku, an jawo tayar kamiyo.
Shayin farko bai ko tafasa ba,
gardamar jiya ta riga shi nuna.

Agali ya ce: Hankalin mota a baya yake.
Ƙafar baya ta tura, ta gaba ta yi jagora,
kowa da aikinsa, raƙumi da mai akala.
Ka shiga kwanar Keita da tamanin,
ka sakar mata kaɗan, ta karkaɗa ƙugu,
ta dawo hannunka kamar ba ku taɓa faɗa ba.

Bizo ya tofar da ganyen shayi:
Karkaɗawar nan ce ta kwantar da kai gonar albasa!
Tawa da gaba take ja,
inda bolan ya nuna, can ta nufa,
ba ta shawara da yashi, ba ta gaida marmara.
Agali ya ce: Jaki ma haka yake.
Dariya ta sa aparanti ɓarin sukari.

Abarshi bai tanka ba.
Shekara shida ke nan idonsa ya yi ritaya,
kunnen ne ya ƙi ajiye aiki.
Wata ta wuce bisa gudiro, ya ɗaga yatsa:
Amartisar na hagu ya mutu, mai ita bai sani ba.

Yau Alhamis, ranar buɗe gwangwanaye.
Agali ya kwance zakin Fijo daga bakin rawani,
ƙafa guda ta karye, har yanzu yana tsaye.
Bizo ya fito da safar hannu, wari ɗaya,
wadda wani ɗan tseren Dakar ya yar bakin rijiya
ranar da muka gudu daga lakkwal don kallon motoci,
muka sha bulalar mushe, ba mu yi nadama ba.
Arzika ya miƙo farmin kakansa,
ruwa ya cinye hoton, gashin baki kawai ya tsira.
Ga taswirar da ta tsage daidai Abalak,
ga buji naɗe cikin ƙyalle kamar laya.
Abarshi na bin su da yatsa,
yana kiran kowane da sunansa da shekararsa.

Ni da kabu-kabu ya sauke ni,
ban taɓa mallakar ko taya ba,
na laluba aljihu, na ajiye makulli.

Kat-san-kat ce, fara, ta mahaifina Illa.
Shekarar da rumbu ya yi ƙarar ganga
ya bada ita a buhu goma sha ɗaya na hatsi.
Makulli ɗaya ya miƙa wa mai saye,
na biyun ya ɗinke cikin hularsa.
Ta tafi Ƙonni, ta ƙetare iyaka,
an ce an gan ta tana dakon busasshen kifi.

Abarshi ya shafa haƙoran makullin, ya daɗe.
Ta Illa ce, ya ce. Bitas na biyu na da gardama,
sai an lallashe ta kamar mai zazzaɓi.
To, tada ta mu ji.

Na soka makulli cikin iska, na murɗa.
Agali ya yi tarin farko da maƙogwaro,
Bizo ya karɓe, ya ɗora gurnani,
aparanti na kaɗa murfin butar shayi,
ƙafata ta dama na taka ƙasa ban sani ba.

Sassauta, yaro! in ji Abarshi,
ka cika ba ta wuta.
Ubanka da babban yatsa kawai yake taɓa ta.

Ladan ya kira magariba, na kashe ta.
Muna alwala Bizo ya sunkuyo:
Da da gaba take ja, da ta fi haka.
Agali, ruwa a baki, ya girgiza kai,
ya ɗaga masa hannu: jira in kurkure.