Wasan Sitiyari

Tun wucewar damina sitiyarin ke yi mini ƙarya.
In murza shi taƙi guda, tayoyi ba su ji ba,
motar ta kama ra'ayin kanta
kamar jakin da ya raina mai shi.
Hanyar Doka ce ta cinye ta:
baƙar ƙasa, da ruwa taɓo,
da rani ta dare kamar faso a diddige.
Kowane rami, ƙwas, ƙwas, ƙarƙashin ƙafata,
ni kuwa sai in ƙara muryar rediyo.

Ran Talata, a bakin kasuwar Gadarif,
na ce mata dama, ta nufi mai tallan kankana.
Tsakaninsu bai kai zira'i ba.

Usta Babikir ya ɗaga ta a jak,
ya kama taya hannu biyu, ya jijjiga.
Ta yi girgiɗi kamar haƙorin Inna.
Ya ce, "Tayarod biyu sun mutu tuntuni,
ba wanda ya sallace su.
Roba ta yage, giris ya koma ƙasa,
bushin kuwa, sai dai suna."

Na zauna a kan tsohon batir ina lissafi.
Kuɗin riɗi buhu biyu ke aljihuna,
a ciki akwai littattafan Batulu,
akwai maganin hawan jini,
akwai mai gawayi da ke gaishe ni sau biyu a rana.

A shagon Hajj Attom sabo na cikin kwali,
farashinsa na jiya ya kwana ya yi ƙiba.
Gwanjo na zube a ƙasa cikin daro,
kowanne da hatsarin da ya fito daga ciki.
Na ɗauki sabo ɗaya, na tsinci tsoho ɗaya,
na murza kansa da babban yatsa,
da ɗan sauran taurinsa.

"Wanne gefe za a sa sabon?"
Na ce, "Dama. Nan Batulu ke zama."
Usta ya ajiye sifana.
Bai yi dariya ba, da ma ya yi.
"Malam Tukur, motar guda ce.
In hagu ta saki,
dama ba ta tsayawa a titi ta jira ka."

Mai shayi ta miƙo mini kofi, ya huce a hannuna.

Rediyon na cire da kaina,
kusa huɗu, waya uku,
shekara tara muna hira.
Wani direban tirakta ya saya, bai ko taya ba.
Na mayar da gwanjon cikin daronsa,
na dawo da kwali na biyu a hammata.

Bushin, Usta ya yanko shi daga tsohuwar taya,
ya ce zai kai ni girbin dawa, in na bi ta a hankali.
Ya ƙirga zagayen zare yana kwancewa,
goma sha bakwai,
ya mayar goma sha bakwai.
Ba injin awo, sai igiya
daga tayar baya zuwa ta gaba,
ya runtse ido ɗaya kamar mai duban wata.
Kuɗin hannunsa ya ce in bari sai dawa ta shigo.
Ban yi musu ba. Bakina ya yi nauyi.

Bayan la'asar na kama hanyar gida.
Rami a gaban mota inda rediyo yake,
rami a aljihu.
Na murza kaɗan, ta amsa kaɗan.
Na shiga gargada, na kasa kunne:
ba ƙwas, ba ƙwas.

Gobe Batulu za ta tambayi ina waƙa.
Zan ce mata ta rera tata,
ni ina sauraron taya.