Ƙofar Da Na Rufe Daga Ƙarshe

Kwamfutar manoman albasa ce,
tsohuwa, sai ta yi nishi take farkawa.
Wani ya soka mata kile daga shagon hoto,
ta kwana da lissafin buhu dubu uku,
ta tashi babu ko ɗaya.

Nomau ya rungumo ta a kabu-kabu
har shagona, bayan tashar Tawa.
Ya ce, ɗiyar Arzika, ko tana tashi?
Na ce tana tashi, amma da wani rai.

Na share ta kamar gona bayan girbi,
na zuba mata Linuks.
Ya ce jika nawa?
Na ce wannan aikin gayya ne, Baba.
Mutanen da ba su san Adar ba
kowa ya kawo hauyarsa,
suka bar ginin a buɗe
don mai ido ya duba inda ya tsage.

Buɗaɗɗe? Ya ɓata fuska.
Na ce kowa ya san yadda ake gina rumbu,
ba kowa ke shiga naka ba.

Daren nan kuran ya ɗauke sau biyu.
Na bi ƙofofinta ɗaya ɗaya,
wadda ba ta da aiki na toshe.
Na zagaye ta da katanga,
na hana kile yin magana sai an tambaye shi.
Na cire kayan ado masu cinye mata numfashi,
na koya wa allonta ƙ da ɗ da ƴ
don Ɗanƙwari ya ga sunansa
yadda uwarsa ke kiran shi.
Haruffa na ƙara musu girma,
idon Nomau ya sha rana.

Kalmar sirri ce ta haɗa mu rigima.
Shi shekarar haihuwarsa yake so.
Na ce duk kasuwa ta san ta.
Ya yi shiru, ya tauna goro,
ya haɗa sunan wata rijiya da ta kafe
da abin da bai faɗa mini ba.
Na juya baya har ya gama.

Saura ƙofa guda,
wadda na shiga ta cikinta na yi aikin.
Ba wanda ya san da ita sai ni.
Na daɗe ina kallonta,
shayina ya huce.
Sannan na goge sunana.

Da safe ya bar mini rabin buhu a bakin shago.
Har yau hannuna na warin albasa.