Shafi Na Biyu Da Kuɗi

Ƙarfe biyun dare, ɗakin haihuwa, Tawa.
Wuta ta dawo, fanka ta tashi da tari.
Na zauna bisa bencin da muke ninke ƙyallaye,
talho a hannu, ina neman takardar nan.

Shekara uku ke nan da zuwansu,
su huɗu, da farar mota da ma'aunin roba.
Suka ce: Tsahara, duk wadda ta sauka
ki auna jininta, ki rubuta,
kar ki ƙiyasta da ido, ido maƙaryaci ne.
Na auna. Wata goma sha takwas ina awo.
Kundi bakwai na cika da jan biro
har yatsana ya yi kanta.

Ɗazu Mutari mai kantin magani ya aiko mini sunanta,
wai an buga a mujallar likitoci.
Na taɓa, ta buɗe
irin buɗewar ƙofar marowaci, iya faɗin fuska.
Layi goma sha biyu kyauta.
"An samu raguwa mai ma'ana."
Raguwa ta nawa? Da wace dabara?
Sauran na bayan katanga:
jaka ashirin da biyu, da katin banki
wanda hannuna bai taɓa riƙewa ba.

Buhun hatsi ke nan, har da canjin gishiri.

Sahiya na cikin takardar, na sani,
wadda aka kawo daga Bambai a amalanke,
ta zama lamba a wani jadawali.
Gambina ma, da ba ta koma gida ba.
Ni na rufe mata ido, ni na rubuta adadin,
amma sai na biya kafin in ji
ko akwai abin da ya kamata in yi
minti goma kafin nan.

Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.
Mu ne ma rijiyar.

Ban ce a sa sunana ba.
Shafi na biyu nake so, da na uku,
in karanta wa Indo da Lantana gobe
lokacin miƙa aiki.

Ana kirana daga gado na huɗu.
Na kife talho, na wanke hannu har gwiwa,
na ɗauki ma'aunin da suka manta.
Ya tsage a baki, amma yana awo.