Takalmin Cikin Jaka

Ni ke goya shi a babur,
dubu biyu kowane dare, mai nasa.
Gusau na barci, Haliru ba ya yi.
Waya uku gare shi: ɗaya ta ɗan sanda,
ɗaya ta mai gadin ɗakin gawa,
ta ukun ban taɓa jin ya amsa ta da sallama ba.

"Isiya, ba ta wuta. Hanyar Tsafe."
Mukan riga motar asibiti,
mukan riga salati,
ungulu ma sawunmu take tararwa.

Daren tirelar albasa, gaba da Kwatarkwashi,
direban na da sauran numfashi.
Ya ce, ruwa.
Haliru ya ce in ɗaga fitila,
fuskar ta cika duhu.
Ya jawo hannun mutumin ya shimfiɗa kan kwalta
yadda mai tebur ke jera tumatir,
mai kyau a sama.
Sannan ya zuge jaka,
ya fiddo takalmin roba na yarinya,
ja, ƙafar hagu,
ya aje shi inda jini ya tsaya.
Babu yarinya a motar nan.
"Gawar babba ba ta ciniki," in ji shi, "an saba."

Na sake ganin takalmin bakin rijiya a Mada,
da ƙofar wani gida da aka fasa a Damba,
kullum shi kaɗai,
yana kukan da aka yi hayarsa.
Gidan talabijin na biya kafin asuba.
Na ci tsire da kuɗin. Ya yi daɗi.

Wata Laraba, bayan magariba,
mace ta tare mu a Tudun Wada,
ta riƙe kan babur da hannu biyu.
"Ni na ɗinke igiyarsa da baƙin zare.
Sau huɗu ina kallon Hajo tana mutuwa
a gari huɗu da ba ta taɓa takawa ba.
Sau ɗaya na yi mata wanka.
Ba ni abina."

Ya kai hannu jaka.
Na ce yau kunya ta kama shi.
Sai ga ɗan jan idon nan ya kunnu.
"Maimaita, Inna. A hankali. Nan za ki kalla."

Ni kuwa, Allah na gani,
ba wanda ya ce in ɗaga fitilar.